Mariƙan katako na bangon atisaye: me ya sa nawa suke tsagewa?

Ɗan Shere: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, musamman wajen kafintocin da ke zauren nan. Tun da na yi kwas a makarantar horon shugabanci da ke Dutsen Shere a nan Jos hawan dutse ya shiga raina, irin wanda ake kama dutse da yatsu a ɗaga jiki. Duk Asabar mu uku muke fita. To da damina dutse ba ya hawuwa, ga ruwa ga gansakuka, sai in yi wata biyar hannuna bai taɓa dutse ba, ƙarfin yatsa ya gudu. Shi ya sa na kafa filawud biyu a garejin gidanmu, na ɗan sunkuyo da su, don in riƙa atisaye.

Mariƙan, wato 'yan guntayen da ake ɗaurawa a bangon hannu ya kama, waɗanda ake sayarwa a ƙasashen waje na roba ne mai tauri, in ka haɗa kuɗinsu da na kawowa ba su sayuwa. Sai na ce bari in yi na katako. A watan Oktoba aka sare reshen dogon yaro a ƙofar gidanmu, kaurinsa ya kai damtse. Na yanyanka shi kamar yankan doya, kowane yanki kaurin yatsa uku, na huda tsakiya na ɗaure da bol. Guda goma sha huɗu. Da farko lafiya lau. Hunturu na shigowa suka fara tsagewa daga tsakiya zuwa baki. Jiya ɗaya ya rabe biyu a hannuna kamar goro, na faɗo ta baya, Allah ya taimaka akwai katifa a ƙasa. Itacen ne ba shi da kyau, ko wurin aikin na kuskure?

Mai Walda: Wa alaikumus salam. Sannu Oga, Allah ya ƙara kiyayewa. Kafin a zo kan katako, ka cire sauran goma sha ukun yau ɗin nan. Kada ka sake rataya a kan ko ɗaya.

Baba Kafinta: Wa alaikumus salam. Sannu ɗana. Dogon yaro ba shi da laifi, ana yin kujera da ƙofa da shi su daɗe. Kuskure biyu ka haɗa wuri ɗaya.

Na farko, ɗanyen itace ka ɗaura. Itacen da aka sare a Oktoba cike yake da ruwa. Iskar hunturu na bugunsa sai ya fara motsewa, kuma ba daidai yake motsewa ta kowane gefe ba: ta zagaye ya fi tsukewa, kusan ninki biyu na yadda yake tsukewa daga cibiya zuwa ɓawo. Tun da zagayen na son raguwa, tsakiyar kuma ta ƙi ba shi wuri, dole ya dare. Je ka duba kan kowane gungume a kasuwar Katako, za ka ga tsagar nan ta taso daga cibiya kamar an ja layi da wuƙa. Ko ba ka huda shi ba da zai tsage.

Na biyu ya fi muni. Ka huda cibiyar, wurin da tsagar ke farawa, ka zura ƙarfe ka matse. Mai faskare ma haka yake yi: yana kafa gatari a kan itacen, ta inda jijiya ta miƙe, ya dare shi. Bol ɗinka ya zama gatarin, nauyinka ya zama mai bugawa.

Jijiyar itace a tsaye take bin tsawon reshe. Ƙarfinsa duk a nan yake. Saboda haka kada ka yanka reshe kamar doya. Ka tsaga shi biyu ta tsawo, ka kankare cibiyar ka yar, gefen da ya baje ya kwanta a jikin filawud, jijiyar ta bi kwance daga hagu zuwa dama. Bol ya ratsa jijiya, kada ya bi ta. Ka guji wurin ƙullin reshe, ka guji duk inda ka ga ƙwaro ya huda yana zubo gari.

Ɗan Shere: Baba na gode ƙwarai. Yanzu na je na duba, wallahi duka tsagar daga ramin bol ta fara. To yaya zan gane itace ya bushe? Wanda na yanka da na taɓa shi a bushe na ji shi.

Baba Kafinta: Bayansa ne ya bushe. Ka samu sikelin masu awon nama ko na kicin, ka auna guntun ka rubuta nauyin a jikinsa da fensir. Bayan mako ka sake. Ranar da ka auna sau biyu ko uku nauyi bai ragu ba, ya gama. A inuwa za ka ajiye, a ɗora kan 'yan sanduna iska na ratsawa, ka ɗiga kyandir a kawunan biyu don kada su riga tsakiya bushewa. Amma in kana son gajeriyar hanya, bar sabon itace. Nemi tsohon ƙafar gado, tsohon firam ɗin ƙofa, guntayen da suka shekara a ƙarƙashin bencin kafinta. Wannan ya ga hunturu ya ga damina, ya gama duk motsin da zai yi. In da hali maɗaci ko iroko. Gwada da farce: in farcenka ya shiga, ajiye shi.

Ɗalibin Shefil: Salamu alaikum. Ni a Shefil nake karatu a Ingila, garin da wasan nan ya yi ƙarfi sosai, kuma ina zuwa ɗakin atisaye sau uku a mako. Ɗan Shere, kada ka ɗauka katako maneji ne na wanda bai samu roba ba. Manyan 'yan wasa da gangan suke zaɓensa. Roba tana da kaushi kamar samfefa, in ka yi awa ɗaya fatar yatsa ta ƙare kafin ƙarfinka ya ƙare. Katako ba ya cin fata, kuma tun da yana da ɗan santsi dole ka matse shi da gaske, nan ƙarfin yake zuwa.

A garin nan su Ben Moon da Jerry Moffatt suka riƙa atisaye a bangon da aka kafa a wani ajin tsohuwar makaranta a farkon shekarun 1990, mariƙan da hannu aka sassaƙa su daga guntayen katako. Ben Moon ya hau wata hanya a jikin dutse mai suna Hubble a 1990, tana cikin mafi wuya a duniya a lokacin. Wani matashi ɗan Sikotilan, Malcolm Smith, ya kwaikwayi motsin hanyar a katakon da ya kafa a ɗakinsa, ya yi ta maimaitawa, ya zo ya hau ta a 1992. A Jamus ma Wolfgang Güllich a 1988 ya jera sandunan katako a wani ɗakin motsa jiki da ke Nurembag yana hawa da hannu zalla, da wannan ya shirya wa hanyar dutse mai suna Action Directe da ya hau a 1991.

Sai dai Baba, da girmanka, a batun farce ina da ja. Allon rataya na kamfanin Beastmaker da ake yi a garin nan, itacen da suke amfani da shi ba mai tauri sosai ba ne, mara nauyi ne, farce na iya yi masa alama. Itace mai tauri ƙwarai in hannu ya yi ta gogarsa sai ya yi sheƙi kamar kwalba, musamman mariƙi mai gangare irin bayan ƙwarya. Na taɓa kama irinsa, hodar da muke shafawa a hannu ba ta zama a kai.

Baba Kafinta: Ja ba laifi ba ne ɗana, ni ban taɓa hawa ba, kai ka san abin da hannu yake ji. Amma ka amsa mini: allon nan naku guda ɗaya ne mai faɗi, ko 'yan ƙanana ne?

Ɗalibin Shefil: Guda ɗaya ne Baba, tsawonsa ya haura rabin mita, an fafe ramuka a jiki, sukuru da yawa ke riƙe da shi.

Baba Kafinta: To ka gani. Nauyin ya rabu a kan katako mai faɗi. Shi kuwa yaron nan abu zai yi kamar akwatin ashana, sukuru biyu, ya rataya kilo saba'in a kai. Ka yi wannan da itace mara tauri irin obeche ka ga yadda kan sukuru zai nutse ciki ya fito ta baya. Ni abin da nake tsoro ke nan. Santsi ana gyara shi da samfefa, karyewa kuwa a asibiti ake gyara ta.

Ɗalibin Shefil: Wannan gaskiya ne, ban yi tunanin girman ba. To a raba: ƙanana masu siririn baki da matakan ƙafa a yi su da maɗaci ko iroko, manya masu gangare da waɗanda ake matsewa da babban yatsa a yi da mai matsakaicin tauri kamar malaina. Obeche a bar shi.

Baba Kafinta: Malaina busasshiya ta yi. Tana da jinkirin bushewa dai, a kula. In ka gama gogewa ka shafa mata banish hannu biyu don kada gumi ya shiga.

Ɗalibin Shefil: A'a Baba, nan kam ban da banish, ban da fenti, ban da mai kowane iri. Wurin da yatsa zai taɓa tsirara ake barinsa. Katakon ya ɗan sha gumin, shi ne amfaninsa. In an shafa banish mutum zamewa zai yi, kuma zamewar bazata ita ke tsinka jijiyar yatsa. Samfefa lamba 80 a fitar da siffa, a gama da 120, a tsaya nan. In aka kai 220 ya yi laushi da yawa. Bayan 'yan watanni in ya yi duhu ya fara sheƙi sai a goge da buroshi a ɗan bi shi da 120 kuma.

Baba Kafinta: Shekara talatin da wani abu ina aikin nan, ban taɓa sallamar aiki ba banish ba. Amma na ji hujjarka, na karɓa. Ƙotar fartanya ma ba a shafa mata komai. To gara fa? Garejin ƙasa ne ko siminti?

Ɗan Shere: Siminti ne Baba, amma akwai gara a katangar baya. Na yi niyyar shafa baƙin mai.

Baba Kafinta: Shafa wa tu-bai-fo na firam, Solignum ko baƙin man, musamman ƙafafun. Ka ɗora su kan ɗan ƙarfe ko dutse kada su taɓa ƙasa. Mariƙan kuwa kada maganin gara ya kusance su, hannu ne zai kama, hannun nan kuma zai je ido da baki.

Bazazzagi: Ni masassaƙi ne, gadon gidanmu ne, turmi da taɓarya da ƙota muke yi. Ina ta karatu ban sa baki ba. Malam Ɗan Shere, ka zaga gidajen unguwarku ka tambayi mata karyayyar taɓarya. Kusan kowane gida akwai wadda aka jingine a bayan ɗaki. Da itace mai tauri ake yin ta, irin su ƙirya, ta shekara goma ana daka da ita, babu sauran ruwa a jikinta, jijiyarta kuma a miƙe take tun da ba a sassaƙa taɓarya da karkataccen itace. A tsaga ta biyu ta tsawo a injin 'yan katako, a yanka tsawon taƙi-taƙi. Wuyanta inda hannu ke kamawa zai ba ka sirara, kawunan su ba ka masu kauri. Ƙirya dai tana cin bakin zarto, kuma ba ta karɓar sukuru sai an huda mata hanya tukuna, in ka tilasta sukurun ne zai karye a ciki. Wurin da hannun mata ya goge ya yi sheƙi sai ka kashe shi da magagari.

Ɗan Shere: Allah ya saka da alheri Malam. Akwai guda biyu a gidan kakata, gobe zan je.

Ɗan Jalingo: Ku nemi madobiya mana, ai babu itacen da ya kai ta kyau da ƙarfi.

Bazazzagi: Ɗan'uwa kai da kake Taraba ka fi mu sanin abin da aka yi wa madobiya. Tirela-tirela aka yi ta kwasa ana kaiwa Sin har dazuzzuka suka yi fili, tun 2017 ta shiga jerin itatuwan da aka sa wa cinikinsu takunkumi a duniya. In tsohon guntu ne a shagon kafinta babu laifi. Amma kada a sare ko ɗaya saboda wannan.

Mai Walda: Ni bari in yi maganar ƙarfe. Oga, wane bol ka sa, kuma me ke riƙe da shi ta baya?

Ɗan Shere: Mai lamba 8, da noti ta baya. Ƙanena ke shiga bayan bangon ya riƙe da sifana ina ɗaurewa.

Mai Walda: Koma lamba 10, mai kan alanki, alanki 8 ke kwance shi. Abin da ake sawa ta baya wani noti ne mai faffaɗan kai da haƙora huɗu, ana huda filawud da baki 12 a buga shi ta baya ya kama, daga nan ta gaba kawai kake ɗaurewa kana kwancewa. In ba ka samu a kasuwa ba kada ka damu. Kai wa mai walda noti lamba 10, ya yanka falat ba, wato shimfiɗaɗɗen ƙarfe, kamar santimita biyar, ya huda tsakiya ya liƙa notin a kai, ya yi ƙananan huji biyu na sukuru a gefe. Na fi yarda da wannan ma, don mai haƙoran yakan kuɓuce ya yi ta juyawa. Ka ce ya zura bol a ciki lokacin walda don kada zaren ya lalace.

Filawud ɗin ya zama mai kaurin milimita 18, ba ƙasa da haka ba. Sannan abin da ya fi damuna: in bangon garejin bulo ne mai rami, kada ka dogara da fisha, robar nan da ake cusawa a bango sukuru ya kama. Jijjiga za ta sassauta shi a hankali. Ko dai bol ya ratsa bulon gaba ɗaya da faranti ta waje, ko a yi wa abin ƙafafunsa ya tsaya da kansa.

Baba Kafinta: Ƙari a kan na Mai Walda. Ramin bol a jikin mariƙi ya ɗan fi bol ɗin faɗi, baki 11, ya shiga ba da tilas ba. Ta gaba ka fafe gurbi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa wanda washa za ta zauna daram, ka bar naman katako kamar santimita biyu a ƙarƙashinta. Kada ka sa bol mai kai kamar mazurari, shi ma gatari ne. Bayan mariƙin ya kwanta sumul: shimfiɗa samfefa a kan gilashi ko tayil ka goga har ya daina rawa. In akwai rata a tsakiya, kana matsewa zai karye. Dogon mariƙi kuma ka ƙara masa sukuru ɗaya a gefe don kada ya juya. Ƙananan ba sa buƙatar bol, sukuru biyu ko uku masu kaurin milimita 5 sun isa, a huda musu hanya, su ratsa filawud ɗin duka. Ban da baƙin sukurun silin, ƙarfensa gautsi gare shi. Duk shigowar hunturu ka bi su da alanki, za ka tarar sun saki.

In iroko za ka goga ka sa takunkumi ka fito waje. Ƙurarsa na sa ƙaiƙayi da tari, akwai yaran shagona da ba sa iya zama in ana aikinsa.

Malama Mai Gashin Ƙashi: Sannunku da ƙoƙari. Aikina gashin ƙashi ne, kuma akwai abin da ban ga an taɓo ba, wato bakin mariƙin. A cikin kowane yatsa, ban da babban yatsa, akwai wasu zobba guda biyar da suke riƙe jijiyar lanƙwasa a jikin ƙashi, kamar zobban da ke riƙe zare a sandar kamun kifi. Na biyun, wanda likitoci ke kira A2, yana gindin yatsa, shi ya fi tsinkewa a wurin masu hawan dutse, yawanci a yatsan zobe ko na tsakiya. Mutum yakan ji ƙara ɗas, sai kumburi, sai watanni ba hawa. Abin da ke jawo shi shi ne a dunƙule yatsu a kan siririn baki a ɗora babban yatsa a kai, sannan ƙafa ta zame nauyi ya faɗo gaba ɗaya.

Don haka ƙanena, duk bakin da yatsa zai hau ka zagaye shi sosai, kamar kaurin fensir ko fiye, kada ka bar kusurwa mai kaifi. Kada ka fafe ramin yatsa ɗaya ko biyu yanzu. Tsoka tana ƙarfi cikin makonni, jijiya kuwa sai ta ɗauki watanni da yawa, shi ya sa mai sabon bango a gida ya fi kowa haɗari: abin na kusa, kullum yana kai. Kwana uku a mako ya isa, da hutu a tsakani, kuma a ɗumama yatsu a kan manyan mariƙai kafin a taɓa ƙanana.

Ɗalibin Shefil: Anti ta faɗi gaskiya. Zurfin da aka fi gwada ƙarfi da shi a nan milimita 20 ne, kusan gaɓar yatsa ɗaya, amma mafari ya fara da 30 zuwa 40. Sunkuyon bango ma haka. Bangon atisayen nan MoonBoard da ake yayi digiri 40 ne, ramukan bol a jere tazarar santimita 20, amma wannan na waɗanda suka daɗe ne. Digiri 15 zuwa 20 ya ishe ka shekara guda. Hodar hannu kuma ba allin makaranta ba ce, magnesium carbonate ce irin ta masu ɗaga ƙarfe.

Maman Biyu: Ina bin ku tun farko. Yarana maza biyu, shekara tara da sha uku, tun da suka ga gasar hawan bango a wasannin Olamfik na Faris a 2024 ba su bar katangar gida ta huta ba. Babansu na so ya yi musu irin wannan. Malama, ya halatta ga yara?

Malama Mai Gashin Ƙashi: Hajiya ya halatta, yana ma da kyau, amma da sharaɗi. Bango a miƙe ko mai ɗan sunkuyo kaɗan, manyan mariƙai da hannu duka ke shiga, tsayi kada ya wuce inda babba zai miƙa hannu ya kamo yaro, katifa mai kauri ba rata a tsakani. Mai sha ukun shi za a fi sa wa ido. A shekarun tsawo akwai guringuntsi a gaɓoɓin yatsu inda ƙashi ke ƙaruwa, bai gama ƙarfi ba sai wajen sha bakwai ko sha takwas, kuma yana iya tsagewa in ana rataya a siraran baki ko ana tsalle da hannu zalla a kan sanduna. In ya ce gaɓar tsakiyar yatsa na ciwo ko ta kumbura, a daina, a je a ɗauki hoto. Kada a ce targaɗe ne a ja.

Baba Kafinta: Na yara a bi kowane lungu da tafin hannu ido a rufe kafin a ɗaura. Sartse ɗaya ya isa ya sa yaro ya saki hannu.

Ɗan Shere: Salamu alaikum, na dawo da rahoto bayan mako uku. Na cire na dogon yaron duka, da na kwance su biyar a hannuna suka rabe. Taɓarya biyu sun ba ni mariƙai goma sha shida. Wani kafinta a unguwarmu ya ba ni guntayen maɗaci na tsohon gado, na yi ƙanana goma da matakan ƙafa takwas. Mai walda ya yi mini noti arba'in a kan falat ba yadda Oga Mai Walda na zauren nan ya ce. Na rage sunkuyon zuwa digiri 20, na yi wa firam ɗin ƙafafu. Kafin in hau kowanne sai da na rataya masa buhun siminti biyu da igiya ya kwana, babu wanda ya motsa. Na ƙiryar sun fi daɗi a hannu, amma gaskiyar Ɗalibi, biyu daga kan taɓaryar har yanzu suna da santsi ko bayan lamba 80.

Bazazzagi: Madalla. Masu santsin ka bi su da magagari a kwance, ta bin jijiya, kada ka gicciye ta. In bai yi ba ka mai da su ƙasa su zama na ƙafa.

Baba Kafinta: Buhun siminti a zaune yake, kai kuwa fizga kake yi, saboda haka makon farko ka hau a hankali kana saurare. Katako yana ƙara kafin ya karye. Turo mini hoton bayan ɗaya daga na maɗacin, wanda ya fi ƙanƙanta, ina son in ga nisan sukuru da baki.

Ɗan Shere: To Baba, bari in kwance shi in ɗauka da rana, hasken garejin ba shi da ƙarfi.